Yadda za ka gano dalilin cin rani a ƙauye da ma'aunin masana ƙaura

Fara da zaɓen lokaci. Ka shiga ƙauye da damina, tsakanin Yuni da Satumba, lokacin da 'yan cin rani suka dawo noma. In ka je da rani, tsofaffi da mata za ka tarar, labarin kuma ya zama ji-ta-ji-ta. A kowane gida ka rubuta wanda ya tafi, garin da ya nufa, watanni nawa ya yi, wa ya ba shi kuɗin mota, a wurin wa ya sauka.

Ma'auni na farko na Ravenstein ne, wanda a 1885 ya duba ƙidayar Birtaniya ya ga yawancin masu ƙaura ba sa nisa, kuma zango-zango suke tafiya. Zana hanyar kowa a takarda: ƙauye, Maradi, Kano, sannan Legas ko Agadas.

Sai na Everett Lee na 1966: abin da ke korar mutum, abin da ke jan sa, da cikas ɗin da ke tsakani. Nan ɗalibai ke yawan tuntuɓe. Sukan rubuta "talauci" su rufe littafi, alhali talaka futuk ba ya iya tafiya, don ba shi da guzuri, ba shi da akuyar sayarwa. Shi ya sa dole ka tambayi gidajen da ba wanda ya fita. In ba haka ba, ba ka da abin kwatantawa.

Harris da Todaro a 1970 lissafi suka kawo: ka ninka albashin birni da yiwuwar samun aikin. A ce gadi na kawo naira dubu 60 a wata, amma mutum huɗu cikin goma ke samu. Abin sa rai dubu 24 ne. Cire abinci da kuɗin mota, sannan ka auna da abin da noman rani zai ba shi a gida.

Wanda ya fi dacewa da ƙasar Hausa, a ganinmu, shi ne na Stark da Bloom na 1985: gida ne ke yanke shawara, ba mutum ɗaya ba. Maigida ya leƙa rumbu bayan kaka, ya ga geron ba zai kai damina ba, sai ya sallami samari biyu. An rage bakin ci, ana kuma jiran aike. Ko fari ya cinye gona, akwai wata ƙofa. Don haka ka tambayi dami nawa aka girbe, da watan da hatsi ya ƙare bara.

Kada ka manta da mai masauki. Akin Mabogunje ya nuna a 1970 cewa labarin da ke komawa gida shi ke raya hanya. In samarin unguwa ɗaya duk Sabo, unguwar Hausawa a Ibadan, ko zangon Kumasi suke sauka, nemo sunan wanda ya fara zuwa da shekarar da ya tafi, ka ƙirga mutum nawa suka bi sawunsa.