Yadda mai doki zai lissafa kuɗin gano gyambon ciki da maganinsa

Cikin doki yana tsattsafo da ruwa mai tsami dare da rana, ko ya ci abinci ko bai ci ba, domin an halicce shi ya yini yana kiwo kaɗan-kaɗan. Dokin da aka ɗaure a turke, ana zuba masa dawa ko gero sau biyu a rana, sannan a fita da shi kilisa ko sukuwa da cikinsa wayam, tsamin nan yana fantsama a sashen sama na cikin, inda fatar ba ta da kariya, har ya ci ta. Shi ya sa gyambon ciki ya yi yawa ga dawakin tsere, inda binciken ƙasashen waje ya same shi a fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda ake horarwa. Dawakin hawan Sallah da na folo ma suna cikin wannan haɗari.

Alamunsa ba sa fitowa fili. Doki yakan fara cin hatsi ya bar shi, ya rame, gashinsa ya dushe, ya riƙa kai cizo idan an ja majayi, ko kuma ciwon ciki ya riƙa taso masa bayan cin abinci. Tsutsar ciki da lalacewar haƙora suna kawo irin waɗannan alamu, saboda haka kuɗin farko da ya kamata ka kashe shi ne na kiran likitan dabbobi ya duba baki, ya gwada kashi, domin wannan ya fi komai araha.

Hanya ɗaya ce ake tabbatar da gyambon, wato a zura na'ura mai kyamara ta hanci har cikin ciki. Na'urar tana buƙatar tsawon mita 3, don haka kafin ka ɗora doki a mota zuwa asibitin koyarwa na dabbobi, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ko na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ka fara tambaya ko akwai mai wannan tsawon a hannu. Za a hana dokin abinci na kusan awa 16 da ruwa na 'yan awanni, a yi masa allurar da za ta kwantar da shi. Ka nemi a ba ka kuɗin dubawa da na allura da na kwana a rubuce, ka haɗa da kuɗin mota, sannan ka ninka, domin ana so a sake dubawa bayan an gama magani.

Babban kuɗin yana wurin magani. Ana amfani da omeprazole, miligiram 4 ga kowane kilo na nauyin doki, sau ɗaya a rana, har kwana 28. To ka ga dole a san nauyin. Idan babu sikeli, ka auna zagayen ƙirjinsa da santimita ka ninka shi da kansa, ka sake ninkawa da tsawonsa daga kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu, ka raba da 11,880. Dokin da ya kai kilo 350 yana buƙatar miligiram 1,400 kullum. Masu sayo na mutane a kemis su lura cewa ƙwaya ɗaya yawanci miligiram 20 ce, wato ƙwaya 70 a rana, 1,960 a kwana 28, kuma idan aka daka ta aka zuba a dusa, tsamin ciki zai lalata maganin kafin ya isa hanji. Wanda ya ba doki ƙwaya biyar ya ce ya yi magani, kuɗinsa kawai ya zubar. Wanda aka haɗa musamman don dawaki, irin su GastroGard, mai kauri ne da ake matsawa a baki, sirinji ɗaya ya ishi doki mai kilo 575 a rana ɗaya, kuma da yake daga waje ake shigo da shi, farashinsa yana bin canjin dala. Ka tambayi kuɗin sirinji ɗaya, ka lissafa adadin da nauyin dokinka zai ci a kwana 28 kafin ka fara, domin tsayawa a tsakiya asara ce. A ba shi da asuba, minti 30 zuwa 60 kafin abinci.

Idan gyambon yana sashen ƙasa na cikin, ya fi jinkirin warkewa, likita yakan ƙara wani magani mai suna sucralfate, lokaci ya tsawaita. A nan ne amfanin dubawa yake, domin ita ke nuna wane iri ake fama da shi. Inda na'ura ba ta samuwa, likita yana iya fara maganin ya ga ko doki zai sauya cikin mako guda ko biyu.

Gyambon yana dawowa idan tsarin ciyarwa bai sauya ba. Kada ciyawa ko harawa ta yanke a gaban doki fiye da awa 4 zuwa 6, a raba hatsi kashi uku ko huɗu, a ba shi ɗan harawa kafin a ɗaura sirdi, ruwa kuma ya kasance a kusa da turke. Magungunan ciwon jiki irin su phenylbutazone suna iya cin fatar ciki idan an wuce kima, saboda haka kada mai kula da doki ya ba da su sai da izinin likita.