Yadda Ake Bibiyar Ƙwayoyin Ferisait a Ƙwaƙwalwar Ɓera Bayan Toshewar Jijiya

Ferisait ƙwayoyin halitta ne da ke kwance a bayan mafi sirantar hanyoyin jini, suna riƙe da su kamar yadda yatsu ke riƙe kara, kuma Charles Rouget na Faransa ya bayyana su a 1873. Mai son ganin aikinsu bayan shanyewar ɓarin jiki irin wadda toshewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa ke haddasawa, da ɓera yake farawa.

Bayan samun izinin kwamitin kula da dabbobin gwaji, a sa wa ɓeran maganin barci, a zura siririn zaren nailan ta jijiyar wuya har ya toshe jijiyar tsakiya ta ƙwaƙwalwa, a bar shi kimanin awa ɗaya, sannan a zare. Kada a ciro ƙwaƙwalen duka a rana ɗaya. A ciro wasu bayan 'yan awanni, wasu bayan kwana 3, wasu bayan 7 ko 28, domin ƙwayar da ta yi ɓarna da farko ita ce kan dawo ta yi gyara.

A yankan ƙwaƙwalen da aka ciro a awannin farko, a nemi wuraren da hanyar jini ta tsuke kamar an ɗaure ta da zare, jajayen ƙwayoyin jini sun maƙale a ciki. Masu bincike na Jami'ar Hacettepe da ke Ankara sun nuna a 2009 cewa ferisait kan ci gaba da matsewa ko bayan an buɗe babbar jijiyar, tawagar David Attwell ta Landan kuma ta nuna a 2014 cewa sukan mutu a ƙanƙame. Daga baya kuwa, a mai da hankali ga gefen raunin, inda suke hayayyafa, suna ƙarfafa sababbin hanyoyin jini da shingen da ke hana dattin jini shiga ƙwaƙwalwa.

A wajen rina yankan don a gane ferisait ne, a ganina, ɗalibai suka fi yin tuntuɓe. PDGFRβ da NG2 furotin ne da ake amfani da su a matsayin alamar ferisait, amma PDGFRβ takan fito har a ƙwayoyin da ke haɗa tabo, NG2 kuma takan fito a wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ba ruwansu da hanyar jini. Saboda haka a haɗa alamomi biyu, a ƙara da CD31 mai nuna bangon hanyar jinin, kuma kada a ƙidaya ƙwaya sai an ga jikinta manne da bangon.