Idan bayan tsohuwar Marsandi wagon ya zauna: yadda ake gano laifin

Marsandi wagon ƙirar W123, wadda aka yi daga 1978 zuwa 1986, da W124 da ta gaje ta har 1996, wadda muke kira V-boot, ba sifirin kaɗai ke riƙe bayansu ba. Akwai famfo a inji da ke tura mai zuwa wani bawul a ƙarƙashin mota. Bawul ɗin yana da ɗan hannu da aka haɗa da ƙarfen sitabilaiza, mai rage karkatar mota a kwana, ta wata siririyar sanda. Idan aka yi lodi baya ya sauka, sandar ta ɗaga hannun, mai ya shiga shokazoba biyu na baya, mota ta miƙe. Kowace shokazoba tana haɗe da wani ƙwallon ƙarfe mai iskar naitirojin a cikinsa, shi ke shanye gargada.

Nan ne mutane ke asarar kuɗi. Ƙwallayen nan idan sun mutu, mota takan yi tauri ne, bayanta ya riƙa tsalle ko a ƙaramin rami. Ba su ne ke sa ta zauna ba, don haka kada ka fara da sayen su.

Fara da awo. Ajiye mota a shimfiɗaɗɗen wuri, but babu kaya, ka auna daga tsakiyar taya zuwa bakin fenda a ɓangarorin biyu da yamma, ka sake da safe. Idan gefe ɗaya ne ya faɗi, duba sifirin ɗin wannan gefen ko ya karye, da shokazobar ko tana jiƙe da mai. Idan duka bayan ne ya sauka cikin dare, kuma ya tashi da an kunna inji, bawul ne ya daina riƙe matsin da ya kamata ya bari a layi, wajen 30 a ma'aunin matsi na "bar". Robobin cikinsa sun cinye, mai yana sulalewa ya koma tanki.

Sai tankin man, wanda ke gaba kusa da inji. Duba ma'auninsa da 'yar matatar da ke cikinsa. Man ma'adini ne na musamman, ZH-M, mai lambar MB 343.0. Kada a kuskura a zuba man birki, zai kumbura duk robobin. Idan mai yana raguwa amma ba a ga ɗigo a ƙasa ba, zaro ma'aunin baƙin mai: a motocin da famfon ke manne da kan inji, sil ɗinsa kan fashe ya riƙa zubar da man cikin inji.

Gwajin da ke raba gardama shi ne na hannun bawul. A yi shi a kan ramin gareji, tayoyi a ƙasa. Kada kowa ya kwanta ƙarƙashin mota a fili, domin da an ja hannun ƙasa za ta sauko a kansa. Dubi sandar tukuna, don sau da yawa ita ce ta yi tsatsa ta karye, ko mariƙinta ya zame a jikin sitabilaiza. Kwance sandar, a tada inji, wani ya ɗan taka totur, kai kuma ka tura hannun sama. Idan baya ya tashi a hankali, famfo da shokazoba lafiyarsu lau, saitin sanda ne ya goce.

Idan bai motsa ba, koma tanki ka zare tiyon da ke dawo da mai, ka sa bakinsa a gora. Hannu yana tsakiya, ya kamata mai ya riƙa kwarara. In babu, ko yana ɗigowa da kumfa, famfo ya gaji ko tiyon da ke ba shi mai yana shan iska. In kuwa ka tura hannu sama amma mai bai fasa kwarara ba, bawul ne ke barin sa ya wuce. Ana samun robobin gyaransa, sai dai aikin yana son tsafta sosai, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta maido da matsalar.

Kafin a kwance kowane bututu, a sassauta notin fitar da mai na jikin bawul don matsi ya sauka. Bayan an haɗa, a cika tanki, a yi sama da ƙasa da hannun sau huɗu ko biyar iska ta fita, a maida sanda hannun yana tsakiya, sannan a sake duba mai.