Yadda na gyara cajin injin kwale-kwalena da agogon gudun inji

Injin ya daina cajin batir, allurar agogon gudun inji (RPM) kuma sai ta riƙa tsalle, can ta kwanta a sifili gaba ɗaya. Da yawa sai su ruga su sayo sabon agogo, asarar kuɗi ce kawai, don agogon daga koyil ɗin caji na ƙarƙashin fulawil (faifan ƙarfe mai juyawa a saman inji) yake samun sigina ta rektifaya (na'urar da ke mayar da wutar koyil ta zama irin wadda batir ke karɓa), in rektifaya ta ƙone caji da agogon tare suke tafiya.

Na sa mita a batir, inji a kashe volt 12.6, na tada na ƙara wuta yana nan dai 12.6, alhali ya kamata ya hau 13.5 zuwa 14.5. Na cire wayoyin koyil rawaya guda biyu na gwada, akwai haɗi tsakaninsu kuma ba sa taɓa bodi, to koyil lafiyarsa ƙalau. Rektifaya kuwa diyod ɗaya a cikinta, wanda ya kamata ya bar wuta ta wuce ta ɓangare ɗaya kawai, wuta na wucewa ta kowane ɓangare, har ƙauri take.

Abin da ya kashe ta kan batir ne da ya saki, ga tsatsa. Na kankare, na ɗaure da sufana, na sa sabuwar rektifaya. Caji ya dawo 14.2, allura ta daidaita. Kar dai ka cire kan batir inji na aiki, nan take zai iya sake ƙona rektifayar.