Kurakuran da masu kallo ke yi wajen yanke wa ƙaramin fim hukunci: darasi daga One Cut of the Dead

Wani dare na kunna wa ƙanena fim ɗin nan na Japan, One Cut of the Dead, a kwamfutata. Minti ashirin bai cika ba ya miƙe yana laluben takalminsa. Ya ce, "Haba Yaya, wannan ai wasan yara ne. Dubi jinin kamar an kwaɓa jan fenti, ga mai kyamarar sai rawar hannu yake yi." Na ce ya zauna, ya ce gobe yana da sammako. Washegari na ji shi yana gaya wa abokansa kada su ɓata datarsu a kansa. Abin ya tsaya mini a rai, domin irin wannan hukuncin ne ke binne ƙananan fina-finai masu haɗa ban tsoro da barkwanci tun ba su kai ga masu son su ba.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne wanda ƙanena ya yi: yin sharhi a kan fim ɗin da ba a kalla har ƙarshe ba. Wannan fim, wanda Shinichiro Ueda ya rubuta kuma ya ba da umarni a 2017, yana farawa da ɗauka guda ɗaya mai tsawon minti 37, ba a yanke ko sau ɗaya ba. Wasu 'yan fim ne ke ɗaukar labarin gawawwaki masu tashi su ci naman mutane a wata tsohuwar ma'aikatar tace ruwa, sai abin ya koma gaske. A cikin mintunan nan za ka ga abubuwan da ke kama da rashin iya aiki. 'Yan wasa su yi shiru suna kallon juna kamar sun manta maganarsu. Wata mata ta ɓige da dogon zance a kan dabarun kare kai da take koya, ba gaira ba dalili. Kyamara ta faɗi ƙasa ta daɗe a kwance tana ɗaukar abu a karkace. Daga nan sai sunayen ma'aikata su fara hawa allo, mutum ya ɗauka an gama, alhali saura kusan awa guda.

Ruwa ba ya tsami banza. Duk wata tangarɗa da ka gani a farkon tana da dalili, kuma dalilin ne ainihin fim ɗin. Wanda ya tashi a minti na ashirin bai ga komai ba tukuna. Gyaran ba wuya: idan ba ka ƙarasa ba, ka faɗa a fili cewa a minti kaza ka tsaya. Idan kuma kai ne mai karanta ra'ayin wani, ka duba ko ya ambaci wani abu daga rabin ƙarshe. In duk ƙorafinsa a kan buɗewa ne, to da alama a nan ya sauka.

Sai masu auna fim da kuɗin da aka kashe masa. Yen miliyan 3 aka kashe wa wannan, wato kimanin dala 25,000, kuma cikin kwana takwas aka ɗauke shi da 'yan wasan da ba a san su ba, waɗanda suka fito daga wani shirin koyar da wasa na makarantar Enbu Seminar a Tokyo. Ba laifi ba ne mutum ya lura da cewa kwalliyar gawawwakin ta araha ce. Laifin shi ne ya tsaya a nan. Tambayar da ta dace ita ce: da ɗan abin da ke hannunsu, me suka yi? Peter Jackson, wanda daga baya ya yi The Lord of the Rings, ya fara ne da Bad Taste a 1987, fim na jini da dariya da ya shafe shekara huɗu yana ɗauka a ƙarshen mako tare da abokansa a New Zealand, har fuskokin dodanninsa a murhun gasa burodi na mahaifiyarsa ya gasa su. Wanda ya kalli robar fuskar kawai ba zai ga hannun mai ba da umarnin da ke bayanta ba.

Akwai kuma waɗanda ke shiga da niyyar a razana su, su fito suna cewa "ko kaɗan bai ba ni tsoro ba". Wannan kamar a kawo maka fura ne ka ce ba ta kai shayi zafi ba. A irin waɗannan fina-finai jinin da ya wuce kima shi ne abin dariyar, an zuba shi ne don ka gane wasa ake yi da tsoron kansa. Kafin ka ce fim ya gaza, ka fara tantance abin da ya nufa. Idan barkwancin ne bai kama ka ba, ka ce haka. Wannan ƙorafi ne mai ma'ana, kuma kowa da irin abin da ke ba shi dariya.

Makin taurari ma yana yaudara. A shafi irin IMDb, inda ake ba da maki daga 1 zuwa 10, fim ɗin da mutane ƙalilan suka kalla makinsa ba ya tsayawa wuri guda: masoya su ba da 10, wanda ya fusata ya ba da 1. Ka duba yawan masu zaɓen, sannan ka karanta na masu ba da 5 ko 6, su ne suka fi faɗin abin da ya yi da abin da bai yi ba.

Amma kuskuren da ya fi ci mini rai na masoya ne, ba na maƙiya ba. One Cut of the Dead ya fara ne a wani ƙaramin sinima mai kujeru 84 a Tokyo, na kwana shida kacal. Bakin 'yan kallo ne ya ɗaga shi, musamman bayan an nuna shi a bikin fina-finan Gabas Mai Nisa na Udine a Italiya a 2018, har ya tara sama da yen biliyan 3 a Japan, ninki dubu na kuɗin da aka kashe. A 2022 Michel Hazanavicius ya sake yin sa da Faransanci, kuma da shi aka buɗe bikin fina-finai na Cannes a Faransa. To, da zumuɗi ya kama masoyi, sai ya zayyane maka sirrin rabin ƙarshe don ya shawo kanka ka kalla. Ya kashe maka fim ke nan da hannunsa. Wani kuma ya yi ta kuranta shi har ka zauna kana jiran abin da ba a taɓa gani ba a duniya, sai ka tarar da ƙaramin fim mai tawali'u, ranka ya ɓaci a kan alƙawarin da ba fim ɗin ne ya yi maka ba. Ni yanzu kalma biyu nake faɗa wa wanda zan ba shi: kada ka kalli tallarsa, kuma ka daure ka wuce minti 37.

Haka na yi da ƙanena bayan mako biyu. Na ce ya ba ni awa ɗaya da rabi, in bai gamsu ba ni zan saya masa data. Wajen minti na saba'in yana riƙe da ciki, yana nuna allo yana cewa, "Au, ashe shi ya sa matar nan ta yi ta surutu!" Da sunaye suka fara hawa a karo na ƙarshe ya kai hannu zai rufe kwamfutar, na riƙe shi, domin a ƙarƙashin sunayen ake nuna ma'aikatan gaskiya suna gudu a bayan mai kyamara, ɗauke da kayan aiki, a lokacin da suke yin waccan doguwar ɗauka.