Tsohon laifi da neman izinin ganin sirrin gwamnati a Amurka

Ɗan'uwa, idan ka sauka a kewayen Washinton, ba za ka daɗe ba za ka ji ana cewa aiki kaza sai mai kiliyarans, wato izinin ganin bayanan sirrin gwamnati. Sai ka zama ɗan ƙasa ake ba ka, kuma ma'aikata ko kamfanin da ya ɗauke ka ne zai nema maka. To, tun yanzu da ba ka kai can ba ya kamata ka san yadda ake auna wanda ya taɓa shiga hannun hukuma.

Za a ba ka fom mai suna SF-86. A sashen da ya shafi 'yan sanda, wasu tambayoyin shekara 7 suke komawa baya, wasu kuwa tsawon rayuwarka: babban laifi, abin da ya shafi bindiga, giya ko ƙwaya. Ko kotu ta goge shari'ar ko ta rufe ta, a mafi yawan lokuta sai ka faɗa. Tarar tuƙi da ba ta kai dala 300 ba, in babu giya ko ƙwaya a ciki, an yafe maka ambatonta.

Nan ne nake jin tsoro ga mutanenmu. Mun tashi da kunya, kuma rufin asiri abu ne mai daraja a wurinmu. Sai mutum ya zo kan tambayar kamun da aka yi masa da dare a bakin titi shekara 5 da suka wuce, ya tuna ko matarsa ba ta sani ba, ya zaɓi "a'a". Alhali an riga an ɗauki hoton yatsunsa, kuma za a duba su a rumbun FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka. Kamun nan da wataƙila a wuce shi ya koma ƙarya ta yau, ga shi ƙarya a fom ɗin laifi ce da kan iya kai mutum kurkuku har shekara 5.

Ƙa'idojin da ake aiki da su tun 2017 sun kasa abubuwan dubawa gida 13, aikata laifi ɗaya ne daga ciki, kuma sun ce a auna mutum ɗungurungum. Yaushe abin ya faru, kana da shekara nawa? Sau ɗaya ne ko ya zama hali? Me ka yi tun daga nan? Gyaran hali sai da shaida: ka biya tara da diyya, ka cika sharuɗɗan sakin talala, ka yi karatu ko ka koyi sana'a, ka riƙe aiki da amana, ka yi wa al'umma hidima. Adana takardar kowanne. In har yanzu kana ƙarƙashin sa idon kotu, wannan kansa abin damuwa ne a wurin masu ba da izinin.

Wiwi fa, ko jiharka ta halatta, haramtacce ne a dokar tarayya, kuma mai shan ƙwaya a halin yanzu ba ya samun izinin.

Idan suna shirin hana ka, za su aiko da takardar dalilai, kana da damar amsawa a rubuce. Ma'aikacin kamfanin da ke yi wa ma'aikatar tsaro kwangila yana iya neman zama gaban alƙalin DOHA, ofishin ma'aikatar da ke sauraron irin waɗannan ƙararraki. Wa'adin amsar gajere ne, don haka ranar da takardar ta iso ka nemi lauyan da ya san wannan fanni, ka tafi masa da kwafin hukuncin kotu da rasidin duk abin da ka biya.