Yadda ake buga hoto da hasken rana, a ƙawata shi da zare

Tun ranar da na ga ganye ya bar surarsa fara tas a kan takarda shuɗiya, na kamu da son wannan aiki. Sunansa sayanotaif. Masanin kimiyya ɗan Ingila, John Herschel, ne ya gano shi a 1842, kuma a 1843 Anna Atkins, masaniyar tsirrai 'yar Ingila, ta fara fitar da hotunan ciyayin teku da shi. Ba sai kana da ɗakin wanke hoto ba, rana ce za ta yi maka aikin.

Sinadarai biyu za ka nema: ferik amoniyam sitiret mai launin kore, da fotasiyam ferisayanaid. Narkar da giram 25 na farkon a ruwa mililita 100, sannan giram 10 na ɗayan a wani ruwan mililita 100, kowanne a kwalbarsa mai duhu. Sai ranar aiki za ka haɗa su daidai wa daida, iya abin da za ka shafa, domin da sun haɗu sun fara jin haske. Sa safar hannu, kuma kada ferisayanaid ya kusanci asid mai ƙarfi, haɗuwarsu na fitar da iska mai guba.

Shiga ɗakin da rana ba ta leƙawa, ka shafa haɗin da buroshi a kan takarda mai kauri irin ta masu zane da fentin ruwa, ko ƙyallen auduga wankakke. Yadin roba ba ya shan sinadarin. Shafi ɗaya siriri ya isa. Bar shi a duhu ya bushe ƙayau. A nan masu gaggawa ke tuntuɓe: takarda mai ɗanshi dabbare-dabbare take fitowa, ta kuma ɓata abin da aka ɗora mata.

Shawarata, fara da ɗora ganye ko gashin tsuntsu a kan takardar kafin hoto. In hannunka ya faɗa, sai ka ɗauki hoton da ka ɗauka da kanka, ka juya launinsa a kwamfuta, fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari, ka buga shi a leda mai garai-garai. Kifa ta a kan takardar, ka danne da gilashi sosai, don ko 'yar tazara ce sai gefen hoton ya dushe.

Fitar da shi rana, minti 10 zuwa 20 idan ta take. Ni dai launin nake kallo fiye da agogo. Zai tashi daga kore mai ratsin rawaya, ya yi shuɗi, sannan ya rikiɗe ya koma toka-toka kamar ya lalace. Bai lalace ba, lokacin ɗaukewa ne ya yi.

Wanke da ruwa zalla kamar minti 5, har rawayar ta fita sarai. A gaban idonka inda aka rufe zai yi fari, inda rana ta taɓa ya yi shuɗi. Shuɗin zai ƙara nuna cikin kwana guda. Kada sabulu ko soda su taɓa shi, suna cinye launin.

Sai ɗinki, wanda shi ya fi daɗar da ni a zaune. Idan takarda ce, ɗora ta a kan kwali mai taushi, ka fara huda ramukan da allura kafin zare ya bi, kana barin tazara don kada ta yage tsakaninsu. Ƙarshen zaren kuwa, manne shi ta baya da 'yar takarda da gam maimakon ƙulli. Ja, ruwan goro da fari suna haskawa a kan shuɗin nan. Zaɓi wuri ɗaya kawai, jijiyar ganye ko bakin rigar wanda ke cikin hoton, ka bi shi da zare sili biyu, sauran ka bar wa shuɗin.